Muryar Buɗe-Rumbu

Azahar ta ɗan gota, rana tana irin zafin nan na jiran ruwa. Hadari ya taso daga gabas tun hantsi, ya zo ya tsaya a bayan duwatsu kamar baƙon da ya yi sallama ba a amsa ba. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. A wannan lokacin ne Nomau ya kai ƙarshen sabuwar gonar kawunsa, famfon feshi goye a bayansa, kansa yana juyawa.

Nomau saurayi ne mai sanyin hali, feshin maganin ciyawa ne abincinsa. Famfon ma ba nasa ba ne, na Kawu Jibo ne, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Gonar kuwa a da kurmi ce. An yi ta cin kurmin daga gefe, bana a ɗan sare, baɗi a ɗan ƙona, har ya rage wani ɗan lungu a gindin tudu, inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin saiwar wani tsohon itacen malmo. Da safe Kawu ya nuna lungun da sanda ya ce:

"Yau nake so ka gama da wurin can. Ka jiƙa shi da magani sosai, sarƙaƙiyar ta bushe mu sa wuta, 'yan katako su samu hanyar shiga. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, masu son famfon nan suna da yawa."

"To, Kawu."

Shi Nomau tun da ya tashi bai san wata amsa da ake ba Kawu ba sai wannan.

Murfin famfon ya tsage, don haka tun safe maganin ke ɗiga masa a gadon baya, rigarsa ta manne da fata. Bakinsa ya yi ɗaci. Ga zafin rana, amma shi sanyi yake ji yana ratsa ƙashinsa. Saura rabin tanki, daidai abin da zai ishi lungun. Ya ce a ransa bari ya ɗan zauna a inuwar malmo kansa ya daidaita. Bai ma sauke famfon ba, ya jingina da shi haka nan. Ƙarar ruwan da ke tsattsafowa tana ta nisa, tana nisa, fatar idonsa ta yi nauyi kamar an ɗora mata dutse.

"Kai, ka danne ni."

Muryar ƙarama ce, kamar ta yaro mai mura, kuma daga bayansa ta fito.

"Wane ne?" in ji Nomau.

"Goyonka mana. Tun safe kake ɗauke da ni, yanzu kuma ka mai da ni matashin kai. Tashi mu tafi."

Nomau bai yi mamakin famfo yana magana ba. Ya miƙe. Da ya duba sai ya ga babu malmo, babu lungun kurmi, sai gona shimfiɗe har inda sama ta taɓa ƙasa, ja wur, ba ko tsinke.

"Ina za mu?"

"Ni ba ni da ido," in ji famfo. "Inda ka nuna, nan nake zuwa."

Suka kama tafiya. Can sai ya hango wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a filin kamar tumakin da makiyayi ya ɓace musu. Da suka matso ya ga ashe inuwoyi ne, inuwoyin itatuwa, amma ba itatuwan. Wata mai faɗi ta zo ta shinshina ƙafafunsa, ta kwanta a gindinsa. Ta ɗan jima, sai ta gane shi ba itace ba ne, ta tashi a hankali ta bi 'yan'uwanta. Sanyinta ya daɗe a ƙafarsa bayan ta tafi.

Gaba kaɗan ya tarar da taro. Kututturai ne zaune sahu-sahu, manya a gaba, ƙanana a baya, kowa ya sunkuyar da kai. Ko ba a faɗa ba, wanda ya taɓa zuwa gidan rasuwa ya san irin wannan zama. Nomau ya tuɓe takalmi ya tsuguna a gaban wani kututturen maɗaci, wanda ya fi kowa faɗi.

"Sannunku da haƙuri, Baba."

"Yauwa, ɗan nan. Sannu."

"Wa aka rasa?"

"Wata murya ce."

"Murya tana mutuwa, Baba?"

"Abin da ba mu sani ba ke nan. Ba mu ga gawa ba. Shi ya sa har yau ba mu tashi ba."

Nomau ya dubi saran da ke kansa, ya ji kunya ta kama shi. "Na zaci zaman naku ne. Ku da aka sare."

"Namu mai sauƙi ne," in ji maɗaci. "An ga gawarmu. Wasu ma a kanta suke kwana, wasu da ita suke rufe ɗaki. Sauke goyonka ka zauna, ka sha hanya."

Famfo ya matse kafaɗun Nomau da igiyoyinsa, ya raɗa masa: "Kada ka sauke ni a nan. Sun san ni. Duk tohon da suka yi, ni na shafe shi."

Kafin Nomau ya san abin da zai ce, sai ya ji an rangaɗa masa kira daga nesa.

"Kai, ango! Ragon miji! Ka bar matarka a tsaye kana can kana hira da itace?"

Ko a cikin dubu ya san wannan muryar. Iya Tabawa ce, kakarsa, wadda ta haifi mahaifiyarsa da Kawu Jibo, ta rasu tun bai fara riƙe fartanya ba. Tana tsaye da zanenta na saƙi, da ƙwarya a ka. Da ya waiwaya, kututturan sun ɓace. A madadinsu mutane ne a jere cikin kunyoyi, maza sun wuce gaba da sungumi sun sassara ramuka, mata da yara suna biye, kowa da iri a tsakanin yatsu, kowa ya ɗaga dunduniya ɗaya don rufe rami. Amma ba wanda ya saki irin, ba wanda ya sauke ƙafa. Haka suke tsaye, ƙafa ɗaya a sama, gizo-gizo har ya yi saƙa tsakanin dunduniyarsu da ƙasa.

"Iya, ke ce? Ai ba ki tsufa ba."

"Wa zai tsufa yana jira? Dube ka, duk ka rame. Wa ya aura maka wannan abin da ka goya? Da ni ka yi haƙuri da ita, da ko koko ka samu."

Nomau ya yi dariya, hawaye na zubo masa. "Me kuke jira, Iya? Ga hadari can."

"Hadari!" Ta taɓe baki. "Sau nawa hadari ya sa mutum ya zuba irinsa, rana ta zo ta soye shi a rami? Mu a zamaninmu ba mai taɓa iri don ya ga gari ya yi baƙi. Akwai wani ɗan kwaɗo a kurmi, bai wuce farcen babban yatsa ba. Shi ba ya buɗe baki sai ƙasa ta sha ta ƙoshi har ciki. Ranar da ya yi magana, ranar ake fasa rumbun iri. Shi ya sa ake ce masa buɗe-rumbu. Shi muke jira."

"Ai an ce ya ƙare, Iya. Kawu ya ce rabon da a ji shi tun ina goye."

"Jibo ne ya ce? Jibon da nake aikawa kurmi ya saurara mini, ya dawo yana ihu da cinnaku a wando? Wuce mu je, ni wuyana ya gaji da ƙwaryar nan."

Ta yi gaba, ya bi ta. Duk inda suka taka, hanyar sai ta naɗe a bayansu kamar tabarma. Suka wuce wani rafi da ya tashi tsaye kamar zana, kifaye suna leƙo su ta ciki. Suka wuce wata rijiya da ke bin mutane tana roƙon ruwa da guga a hannu. Iya ba ta ko waiwaya ba. Sai da suka kai tsakiyar wani fili fetal ta tsaya, ta nuna ƙasa da haɓa.

Wani abu ne kore, bai fi faifai ba. Nomau ya sunkuya. Kurmi ne, cikakke, da malmonsa da tukuruwarsa da kajinjirinsa, har da wani ɗan hazo yana tashi daga tsakiya.

"Abin da kuka rage ke nan," in ji Iya.

"Ta ina ake shiga?"

"Ta ƙasa. Durƙusa."

Ya durƙusa. Yana yin ƙasa, itatuwan suna yin sama, har sai da ciyawa ta kere masa kai. Famfon ne kaɗai bai yarda ya ƙanƙance sosai ba, nauyinsa ya ninka, igiyoyin suka nutse cikin naman kafaɗarsa. Ya ɗaga kai ya ga fuskar Iya can sama kamar wata.

"Ba za ki zo ba?"

"Ni na riga na wuce, ango. Ba abin da zan iya ɓatawa a ciki, ba abin da zan iya gyarawa. Masu rai ake bari su shiga."

Cikin kurmin da duhu-duhu, da sanyi, haske yana saukowa kore kamar a ƙarƙashin ruwa. Ƙasa taushi gare ta, tana ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Ya bi ƙarar ruwa har gindin malmo. A can ya ga damina ɗaure a jikin saiwa, kamar karsana, baƙa, jikinta yana naso, idanunta cike da walƙiya. Da ta gan shi ta ja igiya, ta yi wani nishi, ƙasa ta girgiza. Sai kuma ta kwanta ta ci gaba da kallon wani ganye da ke reto a kan ruwa.

Ɗan kwaɗon ne zaune a kan ganyen. Yanzu da Nomau ya ƙanƙance, tsawonsu ɗaya. Bayansa kore shar kamar sabon tohon tsamiya, cikinsa ja kamar manja, yatsunsa da 'yan dunƙule a kai. Fatar maƙogwaronsa ta yi siriri har ana ganin jini yana wucewa. A ƙarƙashin ganyen ƙwai ne manne, farare tas kamar hawaye, cikin kowanne da wani ɗan abu yana juyi.

Nomau ya yi sallama. Kwaɗon ya lumshe ido ya buɗe.

"Kai ne buɗe-rumbu?"

"Haka kakanninka suke kira na."

"An ce kun ƙare."

"Wa ya zo ya duba?"

Can Nomau ya ce, "Ana can ana zaman makokin muryarka. Iya da mutanenta ƙafa ɗaya a sama. Me ya hana ka magana?"

"Kowace shekara ina yi. Da muna da yawa, in mun amsa wa juna har cikin gari ake ji. Yanzu muryar ba ta fita daga inuwar nan. Mai son ji sai ya shigo, ya zauna, ya yi shiru. Ku kuma ba ku shigowa sai da abu a hannu."

"To ku koma wani wuri mana. Duniya da faɗi."

"Taɓa ni."

Nomau ya miƙa yatsa ya taɓa shi. Sanyi, laushi, kamar cikin kunci.

"Mu ba da baki muke shan ruwa ba," in ji kwaɗon. "Da jiki muke sha. Abin da ya taɓa mu ya shige mu. Ba mu da ƙofar da za mu rufe. In na bar inuwar nan rana ta shanye ni kafin in kai bakin gona." Ya juyo da ido ɗaya ya dubi jiƙaƙƙiyar rigar Nomau. "Kai ma na ga taka ƙofar a buɗe take."

Nomau ya ji gadon bayansa yana zugi, ɗacin nan ya dawo masa baki.

"Ni aiko ni aka yi," ya ce a hankali. "Kawu ne ya riƙe ni. A gidansa nake ci."

"Na sani."

"In na ƙi, wani zai zo gobe."

"Wataƙila. Amma yau kai ne ka zo."

Sai damina ta miƙe tsaye. Iska ta ratsa kurmin, ganyaye suka juya cikinsu sama. Kwaɗon ya gyara zama, maƙogwaronsa ya fara kumbura, yana kumbura, har ya zama kamar ƙwaryar da aka kunna fitila a ciki. Daga can sama Nomau ya ji numfashin masu shuka, duk sun riƙe shi.

A daidai nan ya ji wata ƙara a gefensa, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya duba. Hannunsa na hagu ne yake buga mariƙin famfo, sama da ƙasa, kamar yadda ya saba tun safe. Na dama kuma ya ɗaga sandar feshin, bakinta yana kallon ganyen. Wani ɗigo fari ya taru a bakin sandar, yana girma, yana rawa.

"Tsaya!" in ji Nomau.

"Ba ni nake yi ba," in ji famfo, muryarsa kamar zai yi kuka. "Na faɗa maka ba ni da ido."

Muryar Iya ta sauko ta cikin rassa, babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Nomau. Hannun wa ke nan?"

Ya tattara duk ƙarfinsa ya kai wa hannun cafka da haƙora, ɗigon ya tsinke—

Firgigit ya farka. Tsawa ce ta faɗi a bayan tudu. Yana zaune a gindin malmo, gumi ya jiƙa shi sharkaf, hannunsa na hagu yana kan mariƙin famfo. La'asar ta yi, gari ya yi duhu, yayyafi ya fara sauka ɗai-ɗai. Ya zare igiyoyin daga kafaɗarsa, ya ɗauki famfon ya kai shi can cikin gona, nesa da ruwan da ke tsattsafowa, ya ajiye. Ya dawo ya rarrafa bakin maɓuɓɓugar yana ɗaga ganyaye ɗaya bayan ɗaya. Bai ga kwaɗo ba. Amma a ƙarƙashin wani ganye da ya sunkuyo kan ruwa ya ga wani ɗan dunƙule mai yauƙi, fari tas, da baƙaƙen ɗigo a ciki. Ya mayar da ganyen yadda yake.

Yana nan tsugune ya ji ƙarar babur. Kawu Jibo ne, ya kashe babur ɗin a bakin gona ya taho yana kare kai da hannu.

"Ka gama?"

"Ban gama ba, Kawu."

"To me kake jira? Ruwa zai wanke maganin yanzu, ka yi mini asarar yini."

Nomau ya miƙe, kansa a ƙasa.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ba zan fesa nan ba."

"Me ka ce?"

"Ko'ina ka ce zan yi. Ban da nan."

"Lallai ka girma. A gidana ka koyi cewa ba za ka yi ba? Ko maganin ne ya hau maka kai?"

"Wataƙila shi ne, Kawu."

Kawu ya buɗe baki zai ci gaba, sai wani abu ya yi ƙara daga cikin duhun rassan. Ƙil. Ƙil-ƙil. Siririya, kamar awarwaro biyu sun gogi juna. Ta yi shiru. Daga can ƙasa, wajen tukuruwa, wata ta amsa.

Kawu ya tsaya da baki a buɗe. Ruwa yana sauka a kan hularsa bai kare ba.

"Gyare ne," ya ce.

Nomau ya kasa kunne.

Ƙil-ƙil.

"Gyare ne mana," Kawu ya sake cewa, amma a hankali, kuma ba Nomau yake kallo ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya juya ya nufi inda famfon yake, ya ɗauka ya kai kan babur yana ɗaurewa da roba.

"Famfona na karɓa. Gobe kada ka zo mini gona, ka je ka nemi wanda za ka riƙa yi wa musu." Ya ja robar da ƙarfi. "In ka gamu da 'yan katako a gari, ka ce musu wurin nan a bar shi tukuna."

"Har yaushe, Kawu?"

"Na ce tukuna! Kai ne za ka yi mini tambaya?"

Ya hau babur ya buga, ya tashi, amma ƙasar gonar ta riga ta jiƙe. Tayar baya ta nutse, tana juyi wuri ɗaya tana watsa taɓo. Kawu ya murɗa, ta ƙara nutsewa. Nomau ya taho ya sa kafaɗa a bayan babur ɗin, ya tura. Taɓo ya wanke masa fuska. Ya sake turawa, babur ya fizge ya hau kan hanya.

Kawu bai waiwayo ba. Nomau ya tsaya cikin ruwan har ƙarar babur ɗin ta ɓace, sannan ya tuɓe rigarsa, ya miƙa wa ruwan gadon bayansa ya wanke masa maganin.